Kiosk: Sunan Fada a Bakin Titi

Wanda ya saba sayen ashana da katin waya a ɗan akurkin katakon nan na bakin layi, ya ji 'yan boko suna kiran wurin kiosk, da wuya ya yarda cewa sunan nan ɗan gidan sarauta ne. Amma haka abin yake.

Tushen kalmar Farisanci ne, kushk, wato ɗan ginin shan iska a tsakiyar lambu, sama a rufe, gefe a buɗe. Turkawa suka are ta, ta koma köşk a bakinsu, sarakunan Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba) suka ɗaukaka ta. Sarki Muhammadu Fatih, wanda ya ci birnin da ake kira Istanbul yanzu a 1453, ya gina Çinili Köşk a 1472, aka yi wa bangonsa ado da tayil masu sheƙi. Ginin na nan tsaye, an mayar da shi gidan tarihi. Shi kuma Sarki Murad na Huɗu da ya ƙwato Bagadaza a 1638, sai ya sa aka gina masa wani a cikin fadar Topkapi, ya raɗa masa sunan birnin, don kada a manta da nasarar. Irin waɗannan wurare ba a shiga sai da iso.

To yaya aka yi sunan ya faɗo ƙasa? Matafiyan Turai ne suka gani suka yi sha'awa. A ƙarni na 17 kalmar ta shiga Faransanci da Ingilishi, masu hali suka riƙa kafa kwaikwayon ginin a lambunansu don yayi. Daga nan ya fita filayen shaƙatawa na gari, inda 'yan badujala ke zama su yi wa jama'a kiɗa. A tsakiyar ƙarni na 19 aka jera ƙananan rumfunan sayar da jarida a manyan titunan Faris, masu 'yar ƙubba a ka, aka ce su ma kiosque ne. Shi ke nan, sarauta ta tafi, siffa ta zauna: ɗan gini mai zaman kansa, wanda ake hulɗa da shi ta taga. A ganina wannan siffar ce kaɗai igiyar da ta ɗaure yawancin ma'anonin kalmar.

Ingilawa sun sa wa jan ɗakin wayar tarho nasu sunan. Shi ya sa samfurin da Giles Gilbert Scott ya zana a 1935 ake ce masa K6, harafin farkon na kiosk ne. Yanzu kuma har na'urar da ke tsaye a filin jirgi, wadda fasinja ke latsawa ta fito masa da takardar shiga jirgi, ta gaji sunan, alhali babu rufi, babu taga, babu ma kowa a ciki.

Mu nan mulkin mallaka ne ya kawo mana kalmar ta ƙofa biyu. A Yamai da Maraɗi ta Faransanci ake ji, a Najeriya da Gana ta Ingilishi. A Ankara ta Gana abin ya wuce ciniki, domin tsadar haya ta sa wasu sun mai da kiosk ɗakin kwana. Bahaushe dai bai rasa nasa sunayen ba: na katako kes, na ƙarfe kwantena, mai zama a ciki mai tireda. A Masar da Sudan kuwa kushk suke cewa, lafazin na dā, ma'anar ta yau.

Turkawa su ba su bi duniya ba. Ɗan shagon bakin titi büfe suke ce masa, wadda ita ma aro ce daga Faransanci, kamar an yi musaya. Köşk har gobe gidan alfarma ne a wurinsu, kuma Çankaya Köşkü da ke ɗaya Ankarar, babban birninsu, nan ne shugabannin ƙasar suka zauna tun daga Ataturk har 2014. Saboda haka idan mai kes na unguwarku ya haɗu da Baturke ya ce masa yana da köşk guda biyu a Kano, kada ya yi mamaki in ya ga an miƙe an ba shi kujera.