Fedar keken yaronki tana rawa? Ga maganar giris

Uwargida, idan yaronki ya ce fedar kekensa tana ƙara ko tana rawa, kada ki bar shi ya tafi makaranta a kansa. Sau da yawa ba fedar ce ta lalace ba, matsalar tana wurin da hannun feda ya haɗu da ƙarfen tsakiya, wanda ya ratsa gindin keken.

A kekuna da yawa, bakin wannan ƙarfe yana da kusurwa huɗu, kuma ya ɗan tsuke a ƙarshe. Hannun feda, wanda galibi na alminiyam ne, yana da rami daidai da shi. Idan aka ɗaure noti, sai hannun ya shige ya cije ƙarfen.

A nan ne masu gyara suka rabu biyu: a shafa giris kafin a ɗaura, ko a bar shi a bushe? Kamfanin Campagnolo na Italiya ya daɗe yana cewa a bar shi a bushe. Dalilin masu wannan ra'ayi shi ne, santsin giris zai iya sa hannun ya zarce, ramin ya buɗe ko ya tsage. Shi kuwa injiniya Jobst Brandt na Amurka ya ce a shafa, domin hannun ya zauna daidai tun farko. Masu shafawa sun ƙara da cewa giris yana hana tsatsa da ƙara, cirewa ma ba ta wahala.

To, me za ki gaya wa mai gyara? Idan keken ya zo da takardar kamfani, a bi abin da ta ce. Idan babu, ya goge ƙasa da tsatsa, ya shafa giris ɗan kaɗan. Zaren notin kuwa kusan kowa ya yarda a shafa masa.

Abin da ya fi kashe hannun feda shi ne hawa bayan ya yi sako-sako, musamman na hagu. Tafiya kaɗan ta isa ƙarfen ya cinye ramin, daga nan ɗauri ba ya kamawa, sai sabo. Yawan ƙara ɗauri kullum ma yana tsaga shi.

Kowane mako ki kama hannun ki jijjiga shi zuwa gefe. Idan ya motsa, a tura keken da hannu zuwa wurin mai gyara, kafin feda ta fice yaro yana kan titi.