Ƙyanƙyasa da Renon 'Yan Tsaki a Bazarar Kano

Kiwon kaji a tsakar gida bai gushe ba a Fagge da Sabon Gari, duk da cunkoson jama'a da ƙarancin fili. A lungunan Fagge akan ga akurki a kusurwar gida kusa da madafa, a gidajen haya na Sabon Gari kuwa kejin katako da waya ne a bayan ɗaki ko ƙarƙashin matakala. Mata da yara ne suka fi riƙe da wannan kiwo, kuma kaza a wurinsu asusu ce: ita ake kamawa in baƙo ya sauka, ita ake sayarwa in ƙaramar buƙata ta taso.

Watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, suna da abin da ya sa suka dace da ƙyanƙyasa. Sanyin dare mai kashe 'yan tsaki ya wuce, annobar da kan share kaji lokacin hunturu ta lafa, kuma tsakon da ya fito a Afrilu zai yi gashi kafin ruwa ya zauna. Amma bazarar Kano tana da nata sharri. Zafin rana yakan kai digiri 40 a Afrilu, iska kuma a bushe take ƙamas, musamman a farkon lokacin. Yawancin littattafan kiwo an rubuta su ne don ƙasashen da damuwarsu ita ce ɗumama ƙwai. A nan damuwar ita ce kada zafi da bushewa su gama da shi tun bai fashe ba.

Aikin yana farawa daga zaɓen ƙwai. Ƙwan kiret da ake sayarwa a kasuwar Singa ko a shagunan unguwa ba ya ƙyanƙyashewa, domin kajin gidan gona da suka saka shi ba sa tare da zakara. Zakara ɗaya lafiyayye yana isar kaji kamar goma. Ana zaɓen ƙwai matsakaici, mai tsabta, wanda ɓawonsa bai tsage ba, kuma ba a wanke shi, saboda wanki yana cire wani siririn rufi da ke tare ƙwayoyin cuta. Babban abin da ke ɓata ƙwai a bazara shi ne ajiya. Inda ake da sanyi ƙwai yakan jira mako guda lafiya lau, amma a ɗakin da ya ɗauki zafi ɗan da ke ciki yakan fara motsi da rana ya tsaya da dare, har ya mutu kafin kaza ta hau kansa. Don haka a ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan, kamar gindin randa, tsininsa yana kallon ƙasa, kuma gwargwadon sabuntarsa gwargwadon sa ran zai fashe.

Kazar Hausa gwana ce wajen kwanci. In ta fara lafewa a gurbi, tana tayar da gashi tana saran hannun da ya matso, to ta shirya. Ƙwai 10 zuwa 12 ne jikinta ke iya rufewa. Haɗama ce ke sa a zuba mata 18, na gefe su yi ta samun zafi rabi-rabi, a yi asarar har waɗanda da sun fashe. Yana da kyau a sa wa kowane ƙwai alama da fensir, domin wata kazar takan kutsa ta saka sabo a gurbin. Gurbi a ƙasa, cikin inuwa, ya fi na kan kwano ko siminti da rana ke duka. In aka ɗan jiƙa yashin da ke ƙarƙashin ciyawar gurbin, raɓar za ta hana ƙwan bushewa. A ajiye ruwa da hatsi kusa, a kuma tanadi toka ko yashi inda za ta yi birgima, saboda ƙuma na iya korar kaza daga kan ƙwanta. Kwana 21 ne wa'adi. Na zabo yana cin kwana 26 zuwa 28, kuma da yake zabi sun fi saka da damina ba su kuma da haƙurin kwanci, kaza akan bai wa ƙwansu.

Ƙananan injinan ƙyanƙyasa sun yawaita, masu aiki da lantarki, da batir, da sola. Ƙa'idarsu ɗaya ce: zafi kusan digiri 37.5, danshi kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana na 18, sannan a ɗaga shi zuwa kashi 65 ko 70. Ana juya ƙwai aƙalla sau uku a yini in injin ba mai juyawa da kansa ba ne, a daina a kwana na 18. Mutane sun fi tsoron ɗaukewar wuta, alhali a bazara ƙwai yana jure 'yan sa'o'i ba wuta in ba a buɗe murfi ba. Haɗarin da ba a cika lura da shi ba shi ne inji yana iya ƙara zafi amma ba ya iya rage shi. In aka ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano ba silin, zafin azahar kaɗai zai iya haura abin da ƙwai ke jurewa. A sa shi a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, kuma kada mazubin ruwansa ya ƙafe.

A kwana na 7 zuwa na 10 ana haska ƙwai da tocila cikin duhu. Mai rai yana nuna jijiyoyin jini ja, wanda babu komai kuwa haske ke ratsa shi tas. A cire irin wannan da wuri kafin ya zama bara-gurbi ya fashe ya gurɓata sauran. Daga lokacin da tsako ya huda ɓawo zuwa fitowarsa yakan ɗauki yini guda, kuma ɓare masa ɓawo da hannu yakan jawo zubar jini.

Wanda ba shi da kaza mai kwanci yakan sayi 'yan kwana ɗaya, waɗanda akasari ake kawowa a kwali daga manyan gidajen ƙyanƙyasa na Ibadan da kewaye. Akwai Noiler daga Awe a Jihar Oyo, akwai ShikaBrown da cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar a Shika, kusa da Zariya. Suna saurin girma da yawan ƙwai, amma ba kasafai suke kwanci ba, don haka gidan da ke son ci gaba da ƙyanƙyasa ba ya rabuwa da kazar Hausa. Tsakon da ya sha doguwar tafiya ruwa yake buƙata kafin abinci, a ɗan sa masa sukari ko gulukos.

Makonni biyu na farko su ne mawuyata. Marasa uwa suna buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa da kamar digiri uku kowane mako. A bazara wannan yana nufin fitila ko kaskon gawayi da dare da asuba kawai, kuma gawayi ba ya shiga wurin da iska ba ta ratsawa. Su kansu 'yan tsakin suna nuna halin da suke ciki: in sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi ne, in sun watse gefe suna haki baki buɗe, zafi ne. Mazubin ruwa ya zama marar zurfi, a jefa tsakuwa ciki don kada su nutse, a canza ruwan in ya yi ɗumi. Tsakin gero ko na masara shi kaɗai ba ya gina jiki. Abincin 'yan tsaki na buhu yana da sinadarin gina jiki kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma ana samunsa a awo. Wanda bai samu ba ya haɗa tsaki da garin soyayyen waken suya ko ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, ya ƙara da gara in ya samu. Masu uwa kuma a kife su da ita cikin babban kwando ko keji na wata guda, domin shirwa da shaho da ɓera da muzuru, har da kwatar lungu, sun fi cin tsako mai yawo.

Saura maganar cuta, wadda ita ce ke raba mai riba da mai asara. Cutar Newcastle, mai sa kaji su yi zugum, su yi koren kashi, wuya ya murɗe, ba ta da magani. Kafson ja da yalo da ake barbaɗawa a ruwa ba ya taɓa ta, kuɗi kawai yake ci. Rigakafi ne ke tare ta, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin sa, har da nau'in I-2 mai ɗan jure zafi da ake ɗigawa a ido. Akwai kuma rigakafin Gumboro da akan yi a mako na biyu. Kwalba ɗaya tana isar kaji masu yawa kuma ba ta ajiyuwa bayan an haɗa, don haka ya fi sauƙi maƙwabta su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya, bisa jagorancin malamin dabbobi.

Kusanci da Kasuwar Abubakar Rimi ta Sabon Gari alheri ne wajen saye da sayarwa, amma inda kaji daga ko'ina ke haɗuwa nan cuta ke haɗuwa. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji, ta kuma sake taɓa Kano a farkon 2015. Duk kazar da aka sayo a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida, mushe kuma a binne shi, kada a jefa a kwata ko bola.

Kazar Hausa tana fara saka ne tana da wata shida ko kusa da haka. Tsakon Afrilu ke nan zai zama sagara a Oktoba, daidai ƙofar hunturu, kuma wannan ne lokacin da ya wajaba a maimaita wa kajin gida duka rigakafin Newcastle.