Manifol na shigar iska

Manifol na shigar iska wani sashe ne na injin mota da ke rarraba iska, ko iska haɗe da fetur, zuwa kowace silinda. Tsawon bututunsa da faɗinsu ne ke tantance inda injin zai fi ƙarfi. Dogaye sirara suna ba da ƙarfin ja tun injin yana juyawa a hankali, gajeru masu faɗi kuwa sai juyin ya yi sama.

Ire-irensa

A injinan V8 masu kabureta, kamar wanda Chevrolet ya fitar a 1955, iri biyu aka fi sani. Mai ɗaki biyu yana kasa silinda takwas huɗu-huɗu. Misalinsa shi ne Performer na kamfanin Edelbrock da ke Amurka, wanda ke aiki har juyi 5,500 a minti ɗaya. Mai ɗaki ɗaya, kamar Victor Jr., an ƙera shi don juyi 3,500 zuwa 8,000.

Zaɓi

Motar hawan yau da kullum ta fi dacewa da mai ɗaki biyu. Idan aka ɗaura mata na tsere, takan yi nauyi wajen tashi. Ana kuma duba dacewarsa da kamshaf, da tsayinsa, don kada bonet ya ƙi rufuwa.