Jadawalin Lissafi: Mu Bar wa Kwamfuta Wahala, Mu Riƙe Lura

A kowane ƙarshen zangon karatu, malamin aji mai ɗalibai 40 da darussa 9 yana da maki 360 da zai tara, ya fitar da matsakaici, sannan ya jera na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Idan da biro da kalkuleta ne, aikin kan cinye kwanaki. Da manhajar jadawalin lissafi irin su Excel, Google Sheets ko LibreOffice Calc, da zarar an shigar da makin, sauran aikin 'yan mintoci ne. Sai dai da yawa daga cikinmu muna buɗe manhajar, mu yi lissafi a kalkuleta, mu kwafo amsa mu zuba. Wannan kamar mai keke ne da yake tura shi a ƙasa.

Manhajar farko irin wannan da ta yi fice ita ce VisiCalc, wadda ta fito a 1979 a kan kwamfutar Apple II. Dan Bricklin ya yi tunaninta yana ɗalibi a makarantar kasuwanci ta Harvard a Amurka, shi da abokinsa Bob Frankston suka haɗa ta. Excel kuwa ta fito a 1985. Tun daga lokacin, sirrin ɗaya ne: ka sauya lamba ɗaya, duk lissafin da ya dogara da ita ya gyara kansa.

Mu fara da tsari

Shafin ya kasu gida-gida kamar na dara. Layukan tsaye suna da haruffa, na kwance suna da lambobi, don haka kowane gida yana da adireshi. C2 na nufin layin tsaye na C, layin kwance na 2. Mu ware layi na farko domin kanun bayanai: Suna, Gwaji, Jarrabawa, Jimilla. Kowane ɗalibi layinsa ɗaya, kowane gida bayani ɗaya. Kada mu rubuta "45 maki" ko "N500" da hannu, domin manhajar za ta ɗauke shi a matsayin rubutu, ta tsallake shi wajen tarawa ba tare da ta ce uffan ba.

Fomula ɗaya ta ishi aji guda

Kowace fomula da alamar = take farawa. Idan makin gwaji yana B2, na jarrabawa yana C2, sai mu rubuta =B2+C2 a D2. Ba sai mun maimaita sau 40 ba. A kusurwar ƙasa ta dama ta gidan akwai ɗan ƙaramin ɗigo. Mu danna shi sau biyu da linzami, fomular ta sauka har ɗalibi na ƙarshe.

Matsakaicin aji shi ne =AVERAGE(D2:D41). Maki mafi yawa =MAX(D2:D41). Yawan waɗanda suka kai 50 kuwa =COUNTIF(D2:D41,">=50").

Matsayi fa, wanda shi ne abin da kowa ke fara dubawa a katin sakamako? A E2 mu rubuta =RANK(D2,$D$2:$D$41). Alamar dala ita ce ƙusar da ke kafe jerin makin. In babu ita, duk lokacin da fomular ta sauka layi ɗaya, jerin ma zai zame ƙasa, sai a riƙa auna ɗaliban ƙasa da ragowar aji kawai, har na ƙarshe a jerin sunaye ya wayi gari shi ne na ɗaya. A Excel, danna F4 yana sanya alamar nan take.

Hannu a kan madannai

Yawan kai hannu ga linzami yana cin lokaci. Ctrl da C kwafi ne, Ctrl da V liƙawa, Ctrl da Z kuma yana janye abin da aka yi na ƙarshe. Ctrl da kibiyar ƙasa yana kai mu ƙarshen jeri, komai tsawonsa. A Excel, Alt da = yana rubuta fomular tarawa da kansa. Babbansu shi ne Ctrl da S, wato adanawa. Kowa ya san halin wutar lantarki. Mu saba danna shi duk bayan 'yan mintoci.

Inda ake zamewa

Na farko, jerawa. Idan muka zaɓi layin Jimilla ko na maki shi kaɗai muka jera daga babba zuwa ƙarami, sunaye za su tsaya inda suke, makin wani ya koma kan wani. Mu zaɓi jadawalin gaba ɗaya kafin mu jera.

Na biyu, lambar waya. Idan muka rubuta lambar da ta fara da 080, manhajar za ta jefar da sifirin farko. Maganinsa shi ne mu fara sa alamar ' kafin lambar.

Na uku, yarda da amsa ido rufe. A 2010, wasu masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike kan bashin ƙasashe, wanda 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya duba jadawalinsu, ya gano fomular matsakaici ta bar ƙasashe biyar a waje. Haka kuma a Ingila a 2020, kusan sakamako 16,000 na masu cutar korona bai shiga ƙidaya a kan lokaci ba, saboda an yi amfani da tsohon samfurin fayil na Excel mai iyakar layi 65,536, alhali sabon yana ɗaukar 1,048,576. Hakan ya jawo jinkiri wajen bin sawun mutanen da suka yi cuɗanya da su.

Idan hakan ya faru da manya, mu ma ba mu tsira ba. Don haka bayan kowane aiki mu danna kan fomula mu ga ko ta kai layin ƙarshe, mu kuma lissafa na ɗalibi biyu ko uku da hannu mu kwatanta. Rigakafi ya fi magani.

Aikin wannan mako

Ba dole sai da kwamfuta ba, Google Sheets yana aiki a wayar hannu kyauta. Mu ɗauki abu na gaske: makinmu na zangon da ya wuce, kuɗin ƙungiyar makaranta, ko cinikin shagon gida na kwana bakwai. Mu tsara shi, mu tara, mu fitar da matsakaici, sannan mu sauya lamba ɗaya mu ga yadda sauran ke bin ta. Wanda ya iya wannan yana da abin nunawa a jarrabawar darasin kwamfuta, yana kuma da sana'ar da ofis, asibiti da kanti duk suke nema.