Mai Ciwon Sukari da Kwanon Tuwo: Yadda Ake Auna Abinci a Nyohini

A unguwar Nyohini da sauran unguwannin Tamale, cimarmu ta yau da kullum sananniya ce: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake ko doya da rana, tuwon zafi da miyar ayoyo da daddare. Akasarin waɗannan abinci sitaci ne, wanda jiki ke mayarwa sukari ya zuba cikin jini. Mai lafiya yana da isasshen insulin da zai daidaita shi. Mai ciwon sukari kuwa, idan ya yawaita, sukarin sai ya taru, a hankali ya lalata idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, har ta kai ga yanke ƙafar.

Wannan bai sa tuwo ya haramta gare shi ba. Aunawa ake bukata. Likitoci suna koyar da raba faranti kashi huɗu. Kashi biyu na ganye ne, irin su alayyafo, kuɓewa, yakuwa da kabeji. Kashi ɗaya na kifi ko nama ko ƙwai. Ragowar kashi ɗaya shi ne na tuwo ko shinkafa ko doya, kimanin girman dunƙulen hannun mai ci. Tubani da dafaffen wake sun fi garin rogo da farin burodi jinkirin tayar da sukari, don haka sun fi dacewa.

A nan nauyi yake kan uwargida. Al'adarmu ce a taru a kwano ɗaya, amma wanda ke ci cikin taro ba zai san iyakar abin da ya ci ba. Ya kamata a zuba wa mai ciwon nasa daban, a ƙara masa miya, a rage malmala, kuma a riƙa ba shi a kan lokaci. Tsallake abinci ga mai shan magani ko allurar insulin yana iya faɗar da sukari ƙasa da 3.9, ya kawo rawar jiki da gumi da suma.

Abin sha ma yana da nasa haɗari. Gwangwanin Coca-Cola na mililita 330 yana ɗauke da kimanin giram 35 na sukari, alhali a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi kada ya kai kimanin giram 50 a yini. Zoɓo da koko da fura, a sha su ba tare da sukari ba, kuma kofi ɗaya ya isa.

Na'urar gwaji ce ke nuna ko awon ya yi daidai. Ga yawancin manya, ana son sukari ya tsaya tsakanin 4.4 da 7.2 kafin cin abinci, kuma ƙasa da 10 bayan sa'o'i biyu. A riƙa rubuta sakamakon, a kai wa likita a Asibitin Koyarwa na Tamale ko asibitin da ke kusa. Wanda ke son azumin Ramadan ya nemi shawarar likita tun watan Sha'aban, ya buɗe baki da dabino ɗaya ko biyu da ruwa, ya kuma karya azumin idan sukari ya faɗi ƙasa da 3.9.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.