Yadda Ciwon Maƙogwaro Ke Iya Zama Ciwon Zuciya



A zangon karatun da ya wuce, wata 'yar ajinmu ta yi sati shida ba ta zo makaranta ba. Da farko gwiwarta ce ta kumbura, ga zazzaɓi. Bayan kwana biyu gwiwar ta yi sauƙi, ciwon ya koma idon sawu, daga nan ya hau gwiwar hannu. Wasu suka ce sanyin ƙashi ne, wasu suka ce sikila ce. Da aka kai ta asibiti, sai likita ya tambayi mahaifiyarta: "Hajiya, yarinyar nan ta yi ciwon maƙogwaro kwanan baya?" Ashe kuwa ta yi, sati uku kafin nan, kuma ya warke da kansa har an manta da shi.

Yanzu ta dawo aji, amma duk bayan sati huɗu sai ta karɓi izini ta je a yi mata allura. Ta yarda mu ba da labarinta ba tare da mun faɗi sunanta ba. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, me ya haɗa maƙogwaro da gwiwa? Kuma me ya sa likita ya sa aka ɗauki hoton zuciyarta? Mun tambayi malamarmu ta kimiyya, mun kuma yi karatu a kai. Ga abin da muka fahimta.

Masu gadin jiki

Allah Ya yi wa jikinmu garkuwa da ke kare shi daga ƙwayoyin cuta. Daga cikin sojojin wannan garkuwa akwai fararen ƙwayoyin jini. Wani rukuni daga cikinsu yana ƙera wasu ƙananan makamai da ake kira antibodi. Siffar antibodi kamar harafin Y take, kuma ido ba ya iya ganinsa. Kowane antibodi yana da abu ɗaya da yake ganewa, kamar yadda kowane makulli yake da nasa kwaɗon. Idan ya ci karo da wannan abin sai ya manne masa, sauran sojoji su ga alama su zo su hallaka shi.

Wannan ne ya sa allurar rigakafi take aiki. Ana nuna wa jiki ƙwayar cutar da aka raunana ko wani yanki nata, jiki ya ƙera antibodi, ya kuma riƙe kamanninta. Ranar da ta gaske ta shigo, sai ta tarar ana jiran ta.

Tun sojojin nan suna ƙanana ake tantance su a cikin ɓargo da kuma wata ƙaramar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji. Wanda aka ga yana neman kai wa jiki hari, ana kashe shi ko a hana shi aiki. Amma tantancewar ba ta kama kowa. Wani lokaci jiki yakan ƙera antibodi da ke manne wa naman jikin mutum da kansa. Irin wannan shi ake kira otoantibodi. Kalmar "oto" daga harshen Girka take, tana nufin "kai", wato makamin da ya juyo kan mai shi.

A farkon ƙarni na 20, wani babban masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Paul Ehrlich, wanda ya samu kyautar Nobel a 1908, yana ganin jiki yana da hanyoyin da ke hana shi cutar da kansa. Masana da yawa suka ɗauki wannan a matsayin cewa abin ba ya faruwa sam. Sai a hankali hujjoji suka taru. A 1940 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Erik Waaler, ya ba da rahoton wani sinadari a jinin masu amosanin gaɓɓai, wanda daga baya aka gane otoantibodi ne. A 1956 kuma aka gano wasu otoantibodi da ke kai hari ga gaɓar nan ta gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Yau an san cututtuka fiye da 80 da garkuwar jiki ke jawowa idan ta juya wa mai ita.

Kama da wane ba ta wane

Mu dawo kan 'yar ajinmu. Yawancin ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo shi, irin na mura, kuma yana wucewa da kansa. Amma akwai wanda wata bakteriya mai suna sitireptokokus ta rukunin A take kawowa. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman inda ake cunkoso, kamar ajinmu da muke zama mu huɗu a benci ɗaya, ko ɗakin kwanan da yara suka yi yawa.

A jikin wannan bakteriya akwai wani furotin da ake kira M. Wasu sassansa sun yi kama da furotin da ke cikin zuciyar ɗan'adam. Ku ɗauka an ba maigadin makarantarmu hoton wani ɓarawo, aka ce duk inda ya gan shi ya kama shi. Sai ga wani ɗalibi mai kama da ɓarawon ya zo shiga. Maigadi ya riƙe shi, ya yi ihu, jama'a suka taru a kansa. Maigadin bai yi nufin mugunta ba, aikinsa yake yi, kama ce ta ruɗe shi. Haka antibodi da sauran sojojin da jiki ya shirya don bakteriyar suke yi wa zuciya da gaɓɓai da fata, wani lokaci har da ƙwaƙwalwa.

Wannan ciwo shi ake kira zazzaɓin rumatik. Yana zuwa ne kamar sati biyu zuwa uku bayan ciwon maƙogwaro, domin jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya tara makamai. Ba kowa ne yake kamuwa ba, kaɗan ne daga cikin waɗanda suka yi irin wannan ciwon maƙogwaron. Amma ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Wato mu ke nan da ƙannenmu.

Ciwon gaɓɓan yakan warke bai bar komai ba. Matsalar tana zuciya. Zuciya tana da bawul huɗu, masu aiki kamar bawul ɗin tayar keke: suna barin jini ya wuce ta hanya ɗaya, su hana shi komowa. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, kuma a kowane bugu sai sun buɗe sun rufe. Idan garkuwar jiki ta kai musu hari sai su kumbura, in sun warke su yi tabo. Bawul mai tabo ko dai ya kasa rufewa sosai jini ya riƙa komawa baya, ko ya ƙanƙance jini ya riƙa wucewa da ƙyar. Wanda ya fi lalacewa shi ne na ɓangaren hagu, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa. Duk lokacin da bakteriyar ta sake dawowa, harin yana iya maimaituwa, tabon ya ƙaru. Bayan shekaru sai mutum ya fara haki, ƙafafu su kumbura, hawa bene ya gagare shi. Ga mace kuma, haɗarin yana ƙaruwa idan ta samu juna biyu.

Ciwon ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. Fiye da mutum miliyan 40 ne ke fama da wannan ciwon zuciya a duniya, kuma yana kashe sama da mutum 300,000 a kowace shekara. Yawancinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da na Afirka kudu da Sahara. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman kan yaƙi da shi.

Sauran dangin ciwon

Zazzaɓin rumatik ɗaya ne daga cikin dangi. Akwai amosanin gaɓɓai da ake kira rumatoyid. Shi ya fi kama ƙananan gaɓɓan hannu da ƙafa, dama da hagu lokaci guda, mutum ya tashi da safe yatsunsa a sandare. Idan ba a kula ba yatsun sukan karkace. Mata sun fi maza kamuwa da shi, ninki biyu zuwa uku.

Akwai lupus, wanda otoantibodi ɗinsa ke kai hari ga abin da ke tsakiyar ƙwayoyin halittar jiki. Yana iya taɓa fata, gaɓɓai, jini da ƙoda. Wasu sukan sami ƙuraje a kumatu da karan hanci masu siffar malam-buɗe-littafi. Cikin mutum 10 masu lupus, kusan 9 mata ne.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, otoantibodi ba iri ɗaya suke ɓarna ba. A wani ciwo suna tsokanar gaɓar nan ta gaban wuya ta yi aiki fiye da kima, mutum ya rame, zuciya ta riƙa gudu, idanu su fito. A wani kuma suna toshe wurin da saƙon jijiya ke isa ga tsoka, sai fatar ido ta riƙa faɗowa, jiki ya yi rauni. A ciwon suga nau'i na 1, wanda ya fi kama yara, wasu sojojin garkuwa ne ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, otoantibodi kuma su zama alamar da likita ke gani a jini.

Waɗannan cututtuka ba a ɗaukar su ta zama tare ko cin abinci tare. Bakteriyar maƙogwaro tana yaɗuwa, amma zazzaɓin rumatik shi kansa ba ya tsallakawa daga wani zuwa wani. Don haka babu dalilin guje wa mai shi.

Me gwajin jini ke nunawa?

Likitoci suna neman otoantibodi a jini don su gane irin ciwon da ke damun mutum. Akwai wanda ke iya bayyana shekaru kafin amosanin rumatoyid ya fara. Sai dai gwaji shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ana samun lafiyayyen mutum da otoantibodi a jininsa, ana kuma samun mara lafiya da gwajinsa bai nuna komai ba. Dole likita ya haɗa sakamakon da alamomin da ya gani.

A zazzaɓin rumatik, gwajin da aka saba yi sunansa ASO. Shi antibodi na yau da kullum yake aunawa, wanda jiki ya ƙera don yaƙar gubar bakteriyar, domin a san ko ta ziyarci mutum kwanan baya. Sannan likita ya duba alamomi bisa ƙa'idojin da wani likitan Amurka, Duckett Jones, ya fara tsarawa a 1944, waɗanda aka yi ta sabuntawa. Ya saurari zuciya, ya sa a ɗauki hotonta.

Abin da za mu iya yi

Abin farin ciki shi ne maganin wannan bakteriya tsoho ne kuma ba shi da tsada. Fenisilin ne, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928. Idan aka kashe bakteriyar da wuri, garkuwar jiki ba ta kaiwa ga ruɗewa.

Na farko, mu lura da ciwon maƙogwaro mai zuwa da zazzaɓi, zafi wajen haɗiya, kaluluwa a wuya, ko fari-fari a can cikin maƙogwaro, musamman idan babu tari ko majina. Mu gaya wa iyayenmu a kai mu asibiti.

Na biyu, idan likita ya rubuta ƙwayar fenisilin ta kwana 10, mu cika kwana 10 ɗin. Da yawa daga cikinmu muna dainawa a kwana na uku da zarar mun ji sauƙi, alhali bakteriyar ba ta gama mutuwa ba. Kuma kada mu sayi magani da ka a kyamis, domin wasu jikinsu ba ya karɓar fenisilin, likita ne zai ba su wani.

Na uku, cire belu ba ya kashe bakteriya. Yana iya jawo zubar jini, ya kuma sa a makara wajen zuwa asibiti.

Na huɗu, idan yaro ya yi zazzaɓi da ciwon gaɓɓai mai yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko haki, a hanzarta kai shi asibiti. Haka nan idan hannunsa ko fuskarsa suka fara fizga ba da son ransa ba, rubutunsa ya lalace. Wannan alamar tana iya zuwa bayan watanni, kuma wasu sukan ɗauka iskoki ne ko iya shege.

Na biyar, wanda ya taɓa yin zazzaɓin rumatik yana buƙatar allurar fenisilin duk sati uku ko huɗu na tsawon shekaru, wasu har su kai shekara 21 ko su wuce. Allurar tana da zafi, amma ita ce ke hana bakteriyar dawowa ta ƙara wa zuciya tabo.

Muna da roƙo ga malamanmu. Idan ɗalibi mai irin wannan allura ya nemi izini, don Allah a ba shi, ko da ranar gwaji ce, a sake masa wata rana. Idan rubutun ɗalibi ya lalace farat ɗaya, a tambayi lafiyarsa kafin a hukunta shi. Mu kuma ɗalibai, mu riƙa buɗe tagogin aji, mu rufe baki idan za mu yi tari, mu daina yi wa masu rashin lafiya dariya idan sun kasa gudu a filin wasa.

Likita ya ce wa 'yar ajinmu tabon da ke zuciyarta kaɗan ne, kuma idan ta riƙe allurarta za ta iya rayuwa kamar kowa. Mun rubuta ranakun allurar a bayan littafin monita don mu riƙa tuna mata. Hunturu ya kusa, lokacin da maƙogwaro ke yawan damun mu. Duk wanda ya karanta wannan, ya kai labarin gida, ya kuma sa ido a kan ƙannensa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana da ita. Amin.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida.