Murjani Ba Ya Komawa Maƙera

Ƙasar Yawuri ta san zinare. Ana haƙarsa a yankin Bin Yawuri da ke Ngaski da wasu sassan masarautar, kuma kowace mace ta san in sarƙarta ta tsinke ko ta dushe, maƙeri zai narka ta ya ƙera wata, nauyinta bai ragu ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. A ganina wannan sanin ne yake cutar duwatsun ado. An saba da ƙarfen da ke yafe kowace irin ɓarna, sai aka riƙa yi wa murjani da lu'ulu'u da dutsen kan zobe irin riƙon da ake yi masa, alhali su in sun ƙarje sun ƙarje ke nan, babu wutar da za ta mayar da su.

Sunan ma yana ruɗi. Da an ce dutse sai zuciya ta kawo abin da ba ya jin komai, amma taurinsu ba ɗaya ba ne. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10, na sama yana ƙarzar na ƙasa. Daimon ne a 10, yaƙutu a 9, zumurrudu kusan 8, murjani da lu'ulu'u kuwa tsakanin 3 da 4. Yashin bakin ruwa da wani kaso na ƙurar hunturu suna wajen 7. Ke nan matar da ta ɗauki murjaninta a watan Janairu ta murje shi da gefen zane ba ta ɗauraye ba, ƙurar da ke kansa ce ta goga masa, kuma hasken nan mai kama da danshi da ake sayensa dominsa zai yi ta tafiya a hankali har ya koma kamar alli ja. Haka yake faruwa in aka zuba komai cikin gwangwani guda a ƙasan akwatin lefe, mai tauri yana cin mai taushi.

Wanki ya fi ƙura ɓarna. Murjani da lu'ulu'u daga halittun ruwa suke, kuma sinadarinsu irin na ɓawon ƙwai ne. Lemun tsami ko ruwan tsamiya, da ake haska tagulla da su, cin su suke yi. Zumurrudu kuma yawanci akwai mai da aka ɗura cikin tsagoginsa don su ɓuya, ruwan zafi da omo suna fitar da shi, tsagar ta bayyana. Humra da turaren fesawa suna dusar da su, shi ya sa ya kamata sarƙa ta zama abu na ƙarshe da za a sa bayan an gama shafe-shafe da turara jiki, ta kuma zama ta farko da za a cire. Ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu marar ƙarfi da ƙyalle mai laushi sun isa, a shanya a inuwa.

Wani zai ce kakanninmu sun tsufa da duwatsu a wuya, da su suke wanka a gulbi, ba su lalace ba. Gaskiya ne, sai dai a duba irin dutsen. A ƙarni na 19 fatake Hausawa kan sauko da jan dutsen lantana cikin jirage ta kogin Kwara, daga ƙasar Nijar ta yau zuwa Jebba, a kai shi Ilori a huda, kuma hanyar ruwan nan ta gaban Yawuri ta bi. Lantana da danginsa taurinsu ya kai na yashi, don haka suka jure. Tsofaffin kuma ba su san Hypo ba, sannan sukan sake zare tun bai ruɓe ba. Wani kuma zai ce ai yawancin abin da ke kasuwar Yelwa ko Wara kwalba ce da roba, me za a tattala? To kwalba ba ta kai yashi tauri ba, kuma da gam ake manna ta a kan ƙarfe, jiƙo ɗaya cikin ruwan zafi yana iya ɓamɓare ta. Mai ƙaramin ƙarfi ita ce ba ta da kuɗin sake saye.

Tun da dam ɗin Kainji ya tare ruwa a 1968, Gungawa suka bar tsibiransu suka dawo gaɓa, rayuwar mata da yawa daga Shanga zuwa Ngaski a bakin ruwa take: wanki, gyaran kifi, banda, shiga jirgi ranar kasuwa. Ruwan sanyi yana sa yatsa ya ɗan motse, sabulu ya ƙara santsi, zobe ya sulluɓe. Zaren da ke jiƙewa kullum yana ruɓewa daga cikin ramin dutsen, inda ido ba ya gani. Duk wadda za ta ba da a sake mata shi, ta ce a yi ƙulli tsakanin kowane dutse da ɗan'uwansa. Ƙullin yana hana su gogar juna, kuma ranar da zaren ya tsinke a bakin jirgi, ƙwaya ɗaya ce za ta faɗa ruwa.